Kaset mai ruwan ɗorawa a zauren Shanono

A kakar 1997, bayan an gama yankan dawa an kimtsa rumbuna, yayana ya sauka daga motar Kano da wani kwali a hammata. Yaron shago ne a kasuwar Sabon Gari a lokacin, kuma duk zuwan da zai yi gida Shanono ba ya rasa tsaraba: burodi, sabulu, wani lokaci takalmin roba. Wannan karon da ya buɗe kwalin a zaure, sai ga wata baƙar roba mai faɗin faranti, da abin riƙewa guda biyu masu igiya, da bindigar roba, da wani kaset mai ruwan ɗorawa an rubuta 999999 in 1 a jikinsa. Ya ce sunan abin gem. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma har gobe ina tuna ƙanshin sabuwar robar nan.

Wutar lantarki ba ta iso unguwarmu ba tukuna. Abin da muke da shi shi ne talabijin ɗin Kawu, baƙi-da-fari, inci goma sha huɗu, da ake kunnawa da batirin mota. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ne ya duba adaftar gem ɗin, ya ce ai ba wata wuta mai yawa take ci ba. Ya yi 'yan haɗe-haɗensa da dalma, ya fito mana da waya mai baki biyu da ake maƙalawa a kan batirin. Idan batir ya fara sanyi, hoton sai ya riƙa tsukewa daga sama da ƙasa, mu kuwa mun san abin da hakan ke nufi: gobe wani zai ɗaure shi a bayan keke ya kai wurin mai caji. Kuɗin cajin karo-karo muke yi, daga abin da muka samu a roron gyaɗa da sayar da harawa.

Doka ɗaya ce a zauren, kuma ba wanda ya rubuta ta: wanda ya mutu ya miƙa. Yara kusan ashirin ne a kan tabarma biyu, biyu na riƙe da abin wasa, sauran suna ba da shawara da ƙarfi. Ɗan mai unguwa da ɗan mai facin keke layi ɗaya suke bi. In ka ƙware za ka daɗe a kai, in ba ka iya ba za ka koya da ido kafin layi ya zagayo kanka. Ba a taɓa kunna gem ɗin don mutum ɗaya ba, domin batirin na kowa ne.

Sai da na girma na san asalin abin. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da na'urar a watan Yulin 1983 da sunan Famicom, ta isa Amurka a 1985 da sunan NES. Daga baya masana'antu a Taiwan da China suka riƙa kwaikwayonta suna sayarwa da arha, ta bazu ƙasashen da kuɗin ta asali ya fi ƙarfinsu. Yaran Rasha sun san irinta da sunan Dendy. Wato abin da yaron Tokyo ya yi wasa da shi har ya gaji, shi ne ya iso mana bayan shekara 14 muna yi masa kallon sabo fil. Lissafin 999999 kuwa cika baki ne kawai. Wasannin da ke ciki ba su kai goma ba, maimaita su aka yi ta yi da sunaye daban-daban: Super Mario, Contra, Tank, tseren mota, Tetris, da Duck Hunt da muke kira harbin agwagwa.

Abin da ke ba ni mamaki yanzu shi ne ƙanƙantarta. Dukkan wasan Super Mario, da matakansa 32 da kiɗansa da dodanninsa, kilobayit 40 ne, bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau da ake ɗauka da waya a yau ba. Ma'ajin aikin na'urar kanta kilobayit 2 ne. Don haka Shigeru Miyamoto, mai tsara wasan, da abokan aikinsa suka riƙa tattali irin na uwargida a watan bazara, ba a zubar da ko ƙwaya. Gajimaren da ke sama da ciyayin da ke ƙasa a wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka canza. Mu da talabijin ɗinmu ba ta nuna launi, wani abokina ya gano wannan tun a makon farko, ya yi ta nuna mana da yatsa.

Bindigar ce ta fi jawo gardama. Yaya aka yi roba marar harsashi take sanin inda ka saita? Wasu suka ce akwai wuta da ke fita daga bakinta, wasu suka ce aikin aljanu ne. Ranar da kunamarta ta maƙale muka kai wa mai gyaran rediyo, ya kwance ta a gabanmu, ba komai a ciki sai wani ɗan ido mai jin haske a ƙarshen bututu. Da ka danna, fuskar talabijin takan yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan a haska farin murabba'i a daidai inda agwagwar take. Idan idon ya hango farin, ka harbo ke nan. Shi ya sa bindigar ba ta aiki da talabijin na bango irin na yanzu. Wannan ne darasin kimiyya na farko da na fahimta har cikin raina, kuma a kan bencin mai gyara na same shi. Hura kaset da baki kuwa, da muke yi duk sanda hoto ya dagule, daga baya na gane cire shi da mayarwa ne ke gyara haɗuwar haƙoransa, danshin bakinmu ma tsatsa yake jawowa.

Cikin wasannin, Tank ne ya fi tasiri a kaina. Asalin sunansa Battle City, na kamfanin Namco, 1985. Mutum biyu ke haɗa kai su kare wata mikiya daga tankokin abokan gaba, kuma a ƙasan jerin zaɓi akwai wurin da ake ba ka fili babu komai, ka gina fagen yaƙin da kanka. Muka riƙa zana gidanmu: bulo ya zama katanga, ƙarfe ya zama rumbun Baba, ruwa ya zama rijiya, duhuwa ta zama darbejiyar ƙofar gida. Da an cire waya daga batir ginin ya tafi, gobe mu sake sabo. Yaro ɗan ƙauye ya sa hannu a cikin talabijin ya canza abin da ke ciki. Wanda ya tashi da waya a aljihu ba zai gane girman wannan ba.

A 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya, ina sakandare, mahaifin wani ɗan ajinmu ya sayo irin wannan gem ɗin amma mai siffar kibod, wadda ake tallata ta a matsayin kwamfutar koyo. Kaset ɗinta na da wasan koyon buga haruffa da kuma yaren ba da umarni da ake kira BASIC. Daga 'yar takardar da ke cikin kwalin muka kwaikwayi layi biyu: 10 PRINT "SHANONO", sai 20 GOTO 10. Muka rubuta RUN. Sunan garinmu ya yi ta zubowa daga saman talabijin zuwa ƙasa ba tsayawa, sai da muka kashe ta. Ranar na san cewa na'ura umarni take bi, kuma ba ta tambayar daga wane gari mai umarnin ya fito.

Yau ni malamin sakandare ne a yankinmu, kuma duk shekara ina cikin masu shirya ɗalibai don jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. WAEC ma ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu zana jarrabawa don kansu. Ina ganin saurayi mai shekara goma sha takwas, wanda babban yatsansa ya fi walƙiya sauri a kan TikTok, ya zauna gaban kibod hannunsa na rawa. Ya san amsar tambayar, amma neman harafin N da zai kai shi tambaya ta gaba ya cinye masa lokaci. Linzamin kwamfuta ya riƙe shi kamar ɗan tsako. Akwai ɗalibata mai ƙoƙarin lissafi da ta faɗa mini, bayan ta dawo daga cibiyar jarrabawa, cewa ranar ce ta fara taɓa kwamfuta a rayuwarta.

Wayar da ke hannun yaran nan ta ninka gem ɗinmu ƙarfi sau dubbai, amma a rufe take ruf. Ba a kwance ta a gaban yaro, ba ta ba shi fili ta ce gina. Ta mutum ɗaya ce, a kwance a ɗaki, kuma kullum tana neman data. Wasanninta da yawa ba su da ƙarshe, an tsara su ne don kada ka ajiye, talla na bin talla, wasu tallan kuma ƙofar caca ce. Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano a 2024, amma wanda ke cikin aljihu ba shi da ƙofar da za a garƙame. Gem ɗinmu sau ɗaya aka biya kuɗinta, kuma ba ta taɓa roƙon kowa ko sisi ba bayan cajin batir.

Ba mu kaɗai muka ga amfanin irin waɗannan ƙananan na'urori ba. A Ingila, gidan rediyo da talabijin na BBC ya ɗauki nauyin shirin koya wa jama'a kwamfuta, kamfanin Acorn ya ƙera BBC Micro a 1981, aka zuba ta a makarantu. Yara suka yi wasa da ita, suka koyi BASIC a kanta. Injiniyoyin Acorn ɗin nan ne suka ƙirƙiro ƙwaƙwalwar ARM, wadda jikokinta ke cikin kusan kowace wayar da ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre yau. Bayan shekaru, Eben Upton da abokansa a jami'ar Cambridge suka lura cewa masu neman karatun kwamfuta sun ragu, waɗanda ke zuwa kuma ba su taɓa kwance komai ba. Maganin da suka kawo a 2012 shi ne Raspberry Pi, 'yar kwamfuta mai girman katin ATM a kan dala 35, don yaro ya samu abin da zai jagwalgwala ba tare da fargaba ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa son gem ɗin ba, kuma yana da hujja. Yakan tsaya a bakin zaure ya ce, "Kai, ku tashi haka nan, an kira sallah." Ya yi ƙorafin cewa langa ta mutu a dandali, dara ta koma ta tsofaffi, tatsuniyar Inna ta rasa masu sauraro. Duk gaskiya ne, na gani da idona. Shi ya kafa mana sharaɗi: ba a kunnawa sai an dawo daga makarantar allo, kuma da damina ta faɗi kwalin yana komawa ƙarƙashin gadonsa sai an yi girbi. Wannan iyakar ita ce ta sa abin ya amfane mu. Akwai kuma laifin da ni nake ganinsa yanzu: babu mace ko ɗaya a layin. Ƙanwata takan leƙo ta bayan asabari da tulu a kai, mu kore ta. Ta fi mu kaifin ƙwaƙwalwa duka, kuma ba ta taɓa riƙe abin wasan nan ba ko sau ɗaya.

Na san wani zai ce Shanono na da abin da ya fi wannan damunta: tsadar taki, azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, da fargabar 'yan bindiga a ƙauyukan kan iyakarmu da Katsina. Ba na musu. Amma abin da nake roƙo ba ya cin kuɗin gada. Tsofaffin kwamfutoci uku ko huɗu na gwanjo, faranti ɗaya na sola da batir, da ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙofa, ba sai da intanet ba. 'Yan garinmu da ke kasuwanci a kasuwannin Kwari da Singa, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ƙaramar hukuma, kowannensu zai iya wannan a mazaɓa guda. Sharaɗin kawai a bar yara su taɓa. Na sha shiga makarantar da aka ba kyautar kwamfutoci, na tarar an lulluɓe su da zani an kulle a ofis don kada yara su lalata, har ƙura da ɓeraye suka yi aikin da ake tsoro. A bar su su yi wasa ma, maza da mata, a bi layi, wanda ya mutu ya miƙa. Ta ƙofar wasa muka shiga, babu wanda ya tura mu.

A hutun da ya wuce na ɗauko tsohuwar laftof ɗina na ajiye a zauren nan namu, wanda yanzu an yi masa daɓen siminti. Yaran unguwa suka taru, aka kafa layi ba tare da na ce komai ba. 'Yar ƙanwata, mai shekara tara, ta tsaya a bakin ƙofa daidai inda uwarta take tsayawa. Na kira ta, na ce a matsa mata. Ta zauna ta ɗaga yatsa ɗaya, ta daɗe tana duban haruffan, sannan ta juyo ta ce, "Kawu, in na danna ba za ta lalace ba?" Na ce mata danna. Ta nemo harafin farko na sunanta, ya fito a fuskar kwamfutar, ta shiga neman na biyu.