Martani: Injin Sassaƙa Ƙarfe Ba Ya Buƙatar Raspberry Pi

Malam, ka rubuta cewa duk mai son kwamfuta ta sarrafa masa injin sassaƙa ƙarfe ya sayi Raspberry Pi 5, wai ta fi sauri. Wa ya ce maka sauri ne matsalarmu?

Motocin lantarkin da ke tura bakin injin bugun wuta suke so a kan kari, ba jinkiri ko kaɗan. Pi da Linux take aiki, shi kuwa hankalinsa a rabe yake. Sai an ɗora mata manhajar LinuxCNC da tsari na musamman kafin ta riƙe lokaci. Arduino Uno mai manhajar GRBL aikinsa ke nan, ba shi da wani, ga araha nesa ba kusa ba.

Ka kuma manta da wuta. Madatsar Tiga tana Bebeji, amma a Kwanar Dangora da Tudun Wada galibi janareto ke riƙe da shago. In ya mutu ana tsakiyar aiki, katin memorin Pi na iya lalacewa. Arduino sake kunna shi kawai za a yi, a saita bakin injin. Mai gyaran injin niƙa a Doguwa, wa zai sake ɗora masa Linux? Dole ya rufe shago ya nufi Kano.