Buwat otomatik: a daina cinikin biri a sama

A yawancin garejin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, hukunci ɗaya ake yanke wa motar da buwat ɗinta ta otomatik, wato akwatin giyarta, ta fara fizga ko ta ƙi canza giya: a sauke ta, a ɗora wata. Sau da yawa ba a jona kwamfutar bincike ba, ba a ma dubi launin mai ba. Mai mota ya kira ɗan uwansa da ke Aljeriya, Abijan ko Faransa, a aiko da ɗaruruwan jaka, a sayo wata buwat da aka ciro daga motar da babu wanda ya san tarihinta. A ganina wannan ɗabi'a tana cinye kuɗin iyalai a banza. Canjin buwat shi ne matakin ƙarshe, bayan bincike ya nuna cewa gyara ba zai yiwu ba.

Motocin da ke kan titunanmu tsofaffin hannu ne tun kafin su iso. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ta karɓi kashi 40 cikin 100. Waɗanda ke fitowa daga Amurka kusan duk otomatik ne. Kayan gyaransu ma ta teku suke zuwa, kuma rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tilasta wa ƴan kasuwa barin hanyar Kwatano su zagaya ta Lome da Burkina Faso, ko su dogara da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da Ladipo ta Legas. Doguwar hanya tsada take haifarwa, kuma mayar da buwat da ta zo da lahani ya zama aiki mai wuya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, buwat otomatik ta zamani kwamfuta ce ke ba ta umarni. Idan na'urar auna gudu ta lalace, ko ɓera ya ci waya, ko ɗaya daga cikin ƙananan bawul masu aiki da lantarki ya maƙale, kwamfutar takan kulle motar a giya ɗaya, galibi ta biyu ko ta uku, don ta kare buwat ɗin daga ƙarin ɓarna. Direba ya ga mota ta yi nauyi, ya ɗauka buwat ta mutu, alhali abin da ya lalace bai fi tafin hannu ba. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da mahaɗin bincike na OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu amfani da fetur. Ke nan kusan kowace Corolla, Camry ko Highlander da ke yawo a Yamai tana iya faɗin ciwonta da kanta idan aka jona mata na'ura. Makaniken da ya ce a canza buwat bai karanta wannan bayani ba, kamar malamin asibiti ne da ya ce a yi tiyata bai auna majinyaci ba.

Sai batun mai, wanda shi ne ran buwat. Shi ke tura farantan kuloci, shi ke sanyaya su. Ba mai ɗaya ba ne ga kowace mota: Toyota tana da T-IV da WS, Honda tana da DW-1, Dexron kuma na kamfanin General Motors ne. Buwat irin ta CVT, mai aiki da bel na ƙarfe maimakon haƙoran giya, wadda ke cikin motocin Nissan da yawa da akasarin Corolla na Amurka daga 2014, nata man daban ne gaba ɗaya. Amma a bakin titi, duk jan mai sunansa man buwat. Mai lafiya yakan kasance garau. Idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, farantai sun fara cinyewa. Idan ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta bututun sanyaya mai, kuma duk buwat ɗin da aka ɗora ba tare da gyara wannan ba, ita ma hanyar ta farko za ta bi.

Yanayinmu ma yana da nasa rabon. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mai yana saurin tsufa, don haka maganar cewa ba a juye man buwat har abada ba ta dace da motar da ke ɗaukar kaya tsakanin Tawa da Ƙonni ba. Wanda ya kafe a rairayi yana ta jefa giya gaba da baya yana taka totur, dafa man yake yi. Wanda ya ɗaure mota otomatik da igiya ya ja ta tafiya mai nisa injin a kashe, ya sani famfon mai ba ya juyawa sai injin na aiki, saboda haka ƙarfe ke gugar ƙarfe a bushe.

Makanikai suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Buɗe buwat otomatik yana son wuri mai tsabta, ƙwayar yashi guda tana iya toshe bawul, ga shi yawancin garejinmu a fili suke cikin ƙura. Cikakken kunshin robobi da farantai na asali ba kullum ake samunsa ba. Mai taksi kuma ba ya iya jiran sati biyu, don kowace rana da motar ta kwana a gareji tukunyar gidansa ce ba ta hau wuta ba. Akwai kuma lokacin da canji shi ne gaskiya: idan an tarar da ɓarɓashin ƙarfe a kaskon mai, ko jikin buwat ya tsage, ko bel ɗin CVT ya kankare mazauninsa. Sai dai wannan hujja ba ta halatta tsallake bincike ba. Bincike ne zai raba motar da ke buƙatar waya ɗaya da wadda ke buƙatar buwat sukutum.

Idan canjin ya zama dole, mai mota yana da haƙƙin gindaya sharuɗɗa. A tabbatar lambar buwat ɗin ta yi daidai da ta tsohuwar, don motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta idan ɗaya ta Turai ce ɗaya ta Amurka. A wanke bututu da ma'ajiyar sanyaya mai kafin a ɗora, a zuba man da kamfani ya rubuta, a karɓi tsohuwar buwat a hannu. Uwa uba, a rubuta garanti a takarda, da kwanan wata da adadin kwanaki, da wanda zai biya kuɗin saukewa idan ta ƙi aiki. Alkawarin baki ba ya da amfani ranar rigima a gaban shugaban ƴan kasuwa ko a ofishin ƴan sanda.

Ga ƴan uwanmu da ke ci-rani, kafin ku aiko da kuɗin buwat ku nemi a turo muku hoton abin da kwamfuta ta nuna da hoton man da aka zuƙo. Kafin ku sayo wa gida mota kuma, ku tambaya ko akwai wanda ya iya irin buwat ɗinta a garin da za ta zauna. Motar da ta yi araha a Beljiyam tana iya zama kayan ado a ƙofar gida a Tasawa.

Hukuma ma da sauran aiki a gabanta. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM, makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da ke Maraɗi da asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a su ne ya kamata su shirya gajerun kwasa-kwasai kan lantarkin mota da buwat otomatik, ba ga ɗalibai kaɗai ba, har da iyayen gidan gareji da yaransu, a cikin Hausa da Zabarmanci. Hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya ta leƙa jarkokin man da ake sayarwa da tambarin manyan kamfanoni. Ƙungiyoyin makanikai da na masu sayar da kayan gyara su amince da takardar garanti guda da kowa zai riƙa cikewa. Motocin otomatik ƙaruwa suke yi a ƙasar nan, kuma matashin da ya ƙware a bincikensu yau ba zai rasa aiki ba.