Tonga: Masarautar da ba a taɓa ƙwace wa sarauta ba, amma cinta yana hannun wasu

Da yammacin ranar 15 ga Janairun 2022, dutse mai aman wuta da ake kira Hunga Tonga-Hunga Ha'apai ya fashe a ƙarƙashin Tekun Fasifik, kimanin kilomita 65 arewa da babban tsibirin Tonga. Tokarsa ta haura sama da kilomita 50 a sararin samaniya, igiyar ruwan da ya tayar ta kai har gaɓar Peru ta kashe mutum biyu. A cikin Tonga kuwa, waya ɗaya tak ce a ƙarƙashin teku take haɗa ƙasar da duniya ta hanyar Fiji, ita ma ta tsinke. Sai da aka yi kusan mako biyar kafin a gyara ta. A kwanakin farko, jama'a ne suka fito da tsintsiya da shebur suna share toka daga titin saukar jirage na Fua'amotu, don jirgin agaji ya samu wurin sauka. Tankunan da ake tara ruwan sama daga rufin gidaje duk sun gurɓace. A ƙaramin tsibirin Mango ba gida ko ɗaya da ya tsira, dole aka kwashe mutanensa.

Duniya ta yi ta kallon hotunan dutsen. Ni a ganina wayar nan da ta tsinke ta fi dutsen bayyana halin da Tonga take ciki, domin ta cikinta ne kuɗin cefanen mafi yawan gidaje yake shigowa. Da ta yanke, uwar da ɗanta yake aiki a Okland ko Sidni ba ta iya jin muryarsa ba, ba ta kuma iya karɓar abin da ya saba aiko mata ba.

Tonga tsibirai ne kimanin 170, waɗanda mutane suke zaune a kansu ba su kai hamsin ba, kuma faɗin ƙasar gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 750 ba. Jama'arta dubu ɗari ne da 'yan kai, kashi bakwai cikin goma suna zaune a Tongatapu, inda babban birni Nuku'alofa yake. Abin alfaharinsu, kuma sun cancanci yin alfahari da shi, shi ne Turawa ba su taɓa tsige musu sarki ba. George Tupou na Ɗaya ya haɗe tsibiran a 1845, ya kafa kundin tsarin mulki a 1875. Birtaniya ta zama uwar ɗakinsu daga 1900 zuwa 1970, ta riƙe musu harkokin waje, amma gadon sarauta ya ci gaba da zama a gidansa har zuwa kan sarki na yanzu, Tupou na Shida, wanda ya gaji yayansa a 2012. Ita ce kaɗai masarautar gado ta asali da ta rage tana mulkin ƙasa mai cin gashin kanta a yankin.

Sirrin wannan tsira yana cikin dokar ƙasa. Tsarin mulkin ya haramta sayar da fili, ga ɗan ƙasa ko ga baƙo. Filaye duk na gadon sarauta ne, an raba su tsakanin gidan sarki da iyayen ƙasa masu sarautu 33 da kuma gwamnati, kuma duk namijin da ya kai shekara 16 yana da haƙƙin a yanka masa gona mai eka takwas da kwata, da filin gina gida. Wannan dabara ce ta hana Turawa 'yan kama-wuri-zauna yi wa Tonga abin da aka yi wa Hawai da Niyu Zilan. Sai dai an tsara ta ne lokacin da jama'a ba su kai rubu'in na yau ba. Yanzu filin ya ƙare, haƙƙin ya zama na takarda. Matasa da yawa ba su da gona, alhali wasu gonakin suna hannun magadan da suka daɗe da komawa Amurka. Mace kuma ba ta da ikon a yanka mata, sai dai ta yi haya, ko ta ci amfanin na mijinta idan ya rasu muddin ba ta sake aure ba. Saurayin da ba shi da gona, ba masana'anta, ba gurbi a aikin gwamnati, me ya rage masa ban da fasfo?

To sun tafi. Ƙidayar Niyu Zilan ta 2023 ta samu 'yan asalin Tonga sama da dubu 97, wato dab da yawan waɗanda suke gida, ba a ma sa na Amurka da Ostireliya a lissafi ba. Ga kuma 'yan ci-rani, dubban majiya ƙarfi da suke tafiya tsinkar tuffa da inabi a gonakin Niyu Zilan tun da aka buɗe shirin ɗaukar ma'aikatan gona a 2007, daga baya Ostireliya ta buɗe nata. Kuɗin da suke aikowa ya kai kimanin kashi 40 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar, kuma ƙasashen da suka kai wannan matsayi a duniya ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da shi ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake rufin kwano, da shi ake fita kunyar biki da jana'iza da gudummawar coci ta shekara-shekara, wadda ba ƙaramin nauyi ba ce a ƙasar da tsarin mulkinta ya hana kasuwanci ranar Lahadi.

Ba na ganin laifin wanda ya tafi, kuma zumuncin da yake sa mutum ya raba albashinsa da dangi abin yabo ne. Matsalar ita ce gwamnati ba ta da iko a kan wannan kuɗi ko kaɗan. Dokar shige da fice ta wata ƙasa ce take buɗe shi ko ta rufe. Jikan da aka haifa a Salt Lake City ta Amurka, wanda bai taɓa taka ƙauyen kakarsa ba, zai yi wuya ya ci gaba da aike kamar yadda ubansa ya yi. A gida kuma gonakin doya da gwaza da rogo suna rasa manoma, asibiti yana rasa ma'aikatan jinya, kantuna suna cika da naman gwangwani da haƙarƙarin rago mai kitse da ake shigowa da su, ciwon suga kuma yana ta yanke wa mutane ƙafa. Kabewar da ta taɓa kawo musu kuɗi daga Japan a shekarun 1990 kasuwarta ta faɗi. Abin da suke fitarwa yanzu bai kama ƙafar abin da suke saye daga waje ba.

Sai bashi. A ranar 16 ga Nuwamban 2006, zanga-zangar neman dimokuraɗiyya ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙone mafi yawan tsakiyar Nuku'alofa, mutum takwas suka mutu. Don sake gina birnin, gwamnati ta ciwo bashi daga bankin Exim na ƙasar Sin a 2008, ta ƙara wani na tituna a 2010. Kamfanin da ya yi aikin ginin shi ne CCECC, wanda mutanen Najeriya suka sani da layin dogo na Abuja zuwa Kaduna. Bashin ya tsaya a kimanin dala miliyan 120. A wata ƙasar wannan kuɗin gada ɗaya ne, amma a ƙasar da duk abin da take samarwa a shekara yake kusa da dala miliyan 500, ya kai kusan kashi biyu cikin uku na bashinta na waje. A 2018 firaminista 'Akilisi Pohiva ya fito fili ya nemi a yafe. Sin ba ta yafe ba, ta dai ɗaga musu ƙafa na shekara biyar. Wa'adin ya cika, yanzu biya ake yi, daga kasafin da kaso mai yawa nasa dama tallafin ƙasashen waje ne.

A kan wannan rauni ne bala'o'i suke sauka, kuma ba sa ba da tazara. Guguwar Ian ta daki tsibiran Ha'apai a 2014. Gita ta zo a Fabrairun 2018 ta rushe har zauren majalisar dokoki, ɓarnarta ta haura kashi ɗaya cikin uku na tattalin arzikin ƙasar. Harold ta biyo baya a 2020. Aman wutar 2022 kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnarsa a kan dala miliyan 90, sama da kashi 18 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar. Makonni kaɗan bayan nan cutar korona, wadda suka yi shekara biyu suna tsare kansu daga ita, ta ɓulla a tashar jiragen ruwa. Babban birnin kansa a kwance yake a bakin teku, wasu unguwanninsa a fadama, ga ruwan teku yana ta ƙaruwa.

Da irin wannan kaya a ka, sai a zaci shugabanni ba su da wata magana sai ta ƙasa da bashi da aikin yi. Amma rigimar da ta fi cin lokacinsu ita ce ta wa yake da iko. Gyaran 2010 ya ba talakawa kujeru 17 cikin 26 na majalisa, ya bar wa iyayen ƙasa tara, waɗanda su kaɗai suke zaɓen junansu. Tun daga nan fada take ƙoƙarin dawo da abin da ta saki. Sarki ya rushe majalisa a 2017, jama'a suka sake mayar da Pohiva. A farkon 2024 sarki ya janye amincewarsa daga firaminista Siaosi Sovaleni a matsayinsa na ministan tsaro, kafin shekarar ta ƙare Sovaleni ya ajiye mulki, a gwamnatin da ta biyo kuma aka damƙa wa yarima mai jiran gado ma'aikatar harkokin waje da ta tsaro. Mutanen Tonga suna ƙaunar sarautarsu, wannan ba abin musu ba ne. Amma tarihin ƙasar ya nuna abin da yake faruwa idan dukiyar jama'a ta shiga inda majalisa ba ta iya tambaya. Kuɗin da aka tara daga sayar wa baƙi fasfo a shekarun 1980, sama da dala miliyan 20, sun salwanta a hannun wani Ba'amurke da marigayi Sarki Tupou na Huɗu ya naɗa wawan fada.

Gyaran dokar filaye shi ne aikin da ba wanda zai yi musu, ba Sin ba, ba Ostireliya ba, kuma shi ne wanda kujeru taran nan suke da dalilin hanawa, tunda masu su ne suke riƙe da filayen. Muddin ba a taɓa shi ba, matasa za su ci gaba da fita. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 103,252 a Tonga. Ta 2021 ta samu 100,179, a ƙasar da mata suke haihuwar 'ya'ya sama da uku.