Hadarin Agiye a Kan Takarda

Zanen fentin ruwa ya fi kowane irin zane dacewa da sararin samaniyar Agiye da Gazawa, a yankin Maraɗi na Nijar, lokacin damina. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunin da zai tare ido, shi ya sa idan hadari ya taso daga gabas tsakanin Yuni da Satumba, sama ce ke cinye mafi yawan abin kallo. Mai zane yakan saukar da iyakar ƙasa da sama can gindin takarda, ya bar wa gajimare kashi biyu cikin uku. Ana fara jiƙa takardar da ruwa zalla, sannan a ɗora shuɗi mai haske, a bar farin takarda inda hasken rana ya bugi girgije, domin a wannan fenti daga haske ake tafiya zuwa duhu. Cikin hadarin kuwa shuɗi ake garwayawa da ruwan ƙasa. Gizagizan nesa ƙanana ne, na kusa manya. Zafin yankin Maraɗi yana busar da takarda nan da nan, don haka sassafe ya fi. Sai sama ta bushe ake zana gonakin hatsi da rumbuna da itatuwan gawo, waɗanda ke kaɗe ganyensu da damina. Ƙaro, wanda Nijar ke samarwa, shi ne ke riƙe launin a takarda, saboda haka ya kamata makarantun yankin su koyar da wannan fasaha.