Kafin Ka Miƙa Wa Ɗan Gwangwan Tsohuwar PS2 Ɗinka, Tsaya Mu Yi Magana

A gidaje da yawa a Funtua da Malumfashi da Bakori da Ƙafur, idan aka leƙa ƙarƙashin gado ko saman durowa, za a tarar da wani baƙin akwati da ƙura ta lulluɓe. PlayStation 2 ce, ko Sega, ko PS3 da ta daina kamawa tun shekarun baya. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: wata rana an kawo wuta da ƙarfi, ko ta daina karanta faifai, sai mai ita ya ce ta mutu. Ƙarshenta ɗan gwangwan ya zo da kurarsa, ya ɗora ta a sikeli, ya ba da kuɗin da bai kai na katin data na mako guda ba.

Ni a ganina asara muke yi, kuma asarar ba ta tsaya a kan gem ba. Wannan akwatin da muke yarwa shi ne makarantar koyon gyaran kayan lantarki mafi araha da matashi zai samu a yankinmu, a daidai lokacin da gonakinmu da shagunanmu suka cika da kayan da ke neman mai gyara.

Mu fara da lissafin aljihu. Kamfanin Sony ya fitar da PS2 a Japan a watan Maris na shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 155, bai kuma daina ƙera ta ba sai wajen farkon 2013. Ma'ana, duniya cike take da ita da kayan gyaranta, shi ya sa har gobe ake samun na hannu a Alaba da ke Legas da kasuwannin Kano. PS5 kuwa ta fito a watan Nuwamba na 2020 a kan dala 499. Tun daga 2024 dala ta wuce naira dubu ɗaya ba ta dawo ba, mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuma naira 70,000 ne. Ko da ka lissafa dala a kan naira dubu ɗaya cif, kana maganar albashin sama da wata bakwai ke nan, ba ci ba sha. Wane ɗan manomi ne zai sayar da buhunan masarar gida ya sayi wannan? Abin da ke hannunmu shi ne tsohuwar, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Wani zai ce ai yanzu kowa a waya yake buga gem. Gaskiya ne, amma mu nan mun san abin da wasu ba su sani ba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Wata da watanni ba kira, ba Facebook, ba gem ɗin da ke buƙatar intanet. PS2 ba ta san an yi ba, domin ba ta neman sabis, ba ta neman data, ba ta cewa sai an sabunta ta. Wuta kawai take so da talabijin da abokin karawa.

To, me ke kashe su? Yawancin waɗanda ake cewa sun mutu suma suka yi, kuma mai gyara na ƙwarai ba ya fara da sukuddireba. Da tambaya yake farawa: me take yi, me kuma ba ta yi?

Idan ka jona ta ba ka ga ko jar fitila ba, matsalar wuta ce. Fara daga waje. Soket ɗin yana aiki? Wayar wutar ba ta tsinke a ciki ba? A babbar PS2 akwai makunni a baya, mutane da yawa mantawa suke yi da shi. Siririyar da ta fito a 2004 kuwa adafta gare ta mai ba da bolt 8.5, kuma sau da yawa adaftar ce ta ƙone, gem ɗin lafiyarta ƙalau. Mita ta awon wuta za ta gaya maka gaskiya cikin minti ɗaya. Sannan ka karanta takardar da ke liƙe a bayanta. Wutarmu ta Najeriya bolt 230 ce, babbar PS2 da aka yi wa Amurka ko Japan kuwa 100 zuwa 120 take ɗauka. Ka jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, sai ka ji "ɗas" da ƙauri. Ko a nan ma, galibi fis ne ko fanel ɗin wuta ya tafi, kuma ana canza su.

Idan tana kamawa amma ba hoto, duba wayar nan mai kawuna uku. Rawaya na hoto ne, ja da fari na sauti. Juya wayar a hankali daga gindinta. Idan hoton yana zuwa yana tafiya, ka kama ɓarawon. Idan kuma hoton ya fito fari da baƙi a tsohuwar talabijin, ba lalacewa ba ce. Tsarin hoton Amurka da Japan daban ne da namu, talabijin ɗin ce ba ta gane shi ba.

Ciwon da ya fi kama PS2 shi ne ƙin karanta faifai, kuma a nan ne yanayinmu ke shigowa. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙurar sussuka da casa lokacin kaka, duk fanka ce ke zuƙo su ciki su kwanta a kan ido. Kafin ka sayi sabon ido, goge faifan, gwada wani faifan, sannan ka goge idon da ɗan auduga da sipirit, a hankali kamar mai cire wa jariri kwantsa. A siririyar akwai 'yan ƙananan makunnai da murfi ke dannawa. Idan murfin bai zauna daidai ba faifan ba zai juya ba ko kaɗan, ka ga ba ruwan ido. Akwai masu saurin murɗa ɗan sukurun da ke ƙara wa idon ƙarfi saboda sun gani a YouTube. Yana iya aiki na ɗan lokaci, amma idan ka zarce ka ƙone shi gaba ɗaya. Garin neman gira ke nan a rasa ido, kuma a nan idon gaske ne. Idan idon ya gaji da gaske, akwai manhajar Free McBoot da ake sa wa a memori, da Open PS2 Loader da ke buɗe gem daga filashi. Sai dai ka sani, ƙofar USB ta PS2 tsohon yayi ce mai nawa, don haka bidiyon cikin wasu gem ɗin zai riƙa sarƙewa.

Hannu ma haka. Maɓallin da ya daina amsawa yawanci datti ne da gumi a kan robar ciki, ko siririyar ledar da ke ɗauke da layukan wuta ta goge. Waya kuma kusa da kanta take tsinkewa, saboda fizgar da ake yi idan an sha ƙwallo a minti na 90. Yanke wurin, a haɗa da dalma, hannu ya dawo.

PS3, wadda ta fito a 2006, zafi ne babban maƙiyinta. Ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, ga ƙura ta toshe hanyar iska, ga man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarta da ƙarfen sanyaya ya bushe, sai fanka ta riƙa ihu, daga nan rawayar fitila ta haska ta mutu. Share ƙura da sabunta man nan kafin ta kai ga haka ya fi duk wata dabara ta bayan ta faɗi. Masu hura mata zafi da na'urar busar da gashi suna tayar da ita ne na 'yan makonni kawai. Wanda ya yi haka ya sayar wa wani a matsayin lafiyayya, ha'inci ya yi, ko da ya kira kansa injiniya.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: cire waya daga soket kafin ka buɗe komai, kuma kada ka taɓa fanel ɗin wuta da hannu, domin babbar kafasitar da ke kai tana riƙe wuta ko bayan an cire. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa, bar wa wanda ya ƙware.

Yanzu dubi abin da ka koya a wannan ɗan zagayen. Ka san bambancin wutar soket da wutar da adafta ke fitarwa. Ka iya riƙe mita, ka iya gane fis da kafasita, ka iya liƙi da dalma. Mafi girma, ka koyi bin matsala daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga waje zuwa ciki, ba ka canza kaya da ka. Wannan tunanin shi ne dai ake buƙata a kan kayan da suka cika yankinmu yau. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, manoman rani da masu shago da yawa sun koma sola. Ga famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana, ga inbata, ga famfon feshi mai batir, ga na'urar POS, ga firji. Duk suna lalacewa, kuma a ƙauyuka da dama sai an ɗauko su zuwa cikin Funtua, wani lokaci har Zariya ko Kano, a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Manomin tumatir a Danja da famfonsa ya tsaya kwana uku a tsakiyar rani ya san nawa wannan jiran ke ci. Ba wanda zai ba ɗan koyo inbatarsa ta dubban ɗaruruwa ya yi gwaji a kai. Matacciyar PS2 kuwa, idan ka ɓata ta, me aka rasa?

Na san abin da iyayenmu za su ce, kuma ba ƙarya suka yi ba. Gidan gem ya cinye wa yara da yawa lokacin makaranta da na Islamiyya. Akwai inda ake sa kuɗi a kan wasa, wanda caca ce ƙarara ko da an canza mata suna. Akwai yaron da aka aika cefane ya ƙare da canjin a kan PES. Duk wannan yana faruwa. Amma maganinsa yana wajen masu gidajen gem da masu unguwa: a hana yara shiga lokacin karatu, a rufe lokacin salla, a kori masu caca. Jefar da na'urar ba ya kawar da halin, domin wayar da ke aljihun yaron ta fi ta jan hankali, ga kamfanonin caca a cikinta dare da rana. Yaron da ya san cikin PS2 sukuru bayan sukuru ya riga ya tashi daga mai kashe kuɗi ya kama hanyar mai karɓa.

Akwai kuma maganar inda sharar ke zuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A wajenmu, abin da ɗan gwangwan ya saya fasa shi ake yi, a ƙona wayoyin don a ciro jan ƙarfe, yara na shaƙar hayaƙin. Tsofaffin fanel suna ɗauke da dalma, kuma maƙwabtanmu na Zamfara sun ga abin da gubar dalma ke yi a 2010, lokacin da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinare. Duk na'urar da aka gyara ta ƙara shekara biyar tana aiki, an rage wannan hayaƙin.

Abin mamaki, wannan gyaran da muke rainawa, a ƙasashen da suka ƙera kayan faɗa ake yi a kansa. A 2023 jihohin Minnesota da Kalifoniya a Amurka sun yi dokokin da suka tilasta wa kamfanoni sayar wa mutane kayan gyara da bayanan gyara, amma duka biyun sun tsame na'urorin gem daga ciki. Wato can neman izinin gyara ake yi a majalisa. Mu nan mai gyara a bakin kasuwa bai jira dokar kowa ba, abin da ya rasa shi ne kayan aiki masu kyau da wanda zai mutunta sana'arsa.

Don haka ina da kira guda uku. Ga gwamnati da masu shirye-shiryen koyar da matasa, irin su 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023: koyon rubuta manhaja abu ne mai kyau, amma manhaja ba ta tashi a kan matacciyar na'ura. A ba gyaran kayan lantarki muhimmanci a cibiyoyin koyon sana'a, kuma a tattara tsofaffin gem da rediyo da DVD a matsayin kayan koyo, tun da kusan kyauta ne. Ga masu gyaran waya da talabijin a garuruwanmu: ku ɗauki yara, maza da mata, ku koya musu awo da mita, ba canza sikirin kaɗai ba. Yarinyar da ta iya gyaran caja da fitilar sola tana da kasuwa a cikin gidajen da namiji ba ya shiga.

Na uku kuma gare ku ne, 'yan uwana masu kwana a TikTok. Datar da kuke ƙonawa a musun Messi da Ronaldo ta isa ku kalli bidiyon yadda ake buɗe PS2 daga farko har ƙarshe. Ciro ta daga ƙarƙashin gadon nan. Ari mita wajen mai gyaran rediyo na layinku, nemi sukuddireba da burushi da sipirit. Ɗauki hoto a kowane mataki don kada ka manta inda kowace waya take, ka jera sukurun a murfin kwalba. Fara da wayar wuta. Idan ta tashi, ka saka hoton koriyar fitilar ka yi mana alama, mu taya ka murna. Idan ba ta tashi ba, ka adana fankarta da idonta da fanel ɗinta, za su yi wa ta maƙwabcinka amfani, kuma shi ne zai zama kwastomanka na farko.