GYARA WA TSOHO ƊAKINSA, KADA KA RABA SHI DA SHIYYARSU



Allah ya buɗa maka, ka gina gida a Arkilla ko Bado, sai ka ce bari ka ɗauko Inna daga Kanwuri ko Gidaɗawa ta huta. Niyyarka mai kyau ce, amma dakata tukuna.

A cikin gari, Baba yana taka ƙafa zuwa masallaci, ya zauna zaure a gaisa. Inna kuwa maƙwabta na leƙa ta safe da yamma. In ka kai su bayan dogon gini da get a kulle, kowa ya fita aiki, wa za su yi hira da shi? Kaɗaici na rage wa tsoho cin abinci da barci. Wanda mantuwa ta fara kamawa kuma, sauyin wuri na ƙara rikita shi.

Za ka ce ai tsohon gidan ya lalace. Gaskiya ne, to gyara shi:

1. Faɗuwa ita ce babbar barazana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi shafa. Rage tsayin dokin ƙofa, ka guji tayil mai santsi.

2. Kafa ƙarfen dafawa a bayi, da kujerar zama don masu ciwon gwiwa.

3. Sa fitilar sola tsakanin ɗaki da bayi, saboda alwalar asuba.

4. Zafin Sakkwato a Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40. A sa silin, a buɗe taga, randa ta zauna kusa, domin tsoho bai cika jin ƙishirwa ba ko jikinsa na bukatar ruwa.

5. A raba kwana tsakanin 'ya'ya da jikoki. Kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

To wanda ba shi da kowa fa? Nan ne aikin liman da mai unguwa. Masu hali su bayar da ɗaki ɗaya waƙafi a cikin shiyya, a tuntuɓi Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha don a rubuta shi, magada kada su taɓa.

In jinya ta yi nauyi, ɗauko shi wurinka ba laifi. Amma ka tambaye shi, ka ji ta bakinsa.

Allah ya ba mu ikon kyautata musu. A tura wa 'yan uwa.