Man da Sharon ke sha a takarda daban, na hanyar Kunci daban

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gardamar masu motocin Sharon da direbobinsu a Kunci ba ta wuce ta lita. Mai mota ya kafe a kan alƙaluman kamfani, direba ya ce tanki bai san da su ba. Direban ne ke da gaskiya.

Alƙaluman tsofaffin Sharon daga gwajin NEDC na Turai suka fito: mota a kan na'ura cikin ɗaki, kilomita 11 cikin kusan minti 20, ba lodi, ba rami, iyakwandishan a kashe. Turawan ma da kansu sun fara maye gurbinsa da WLTP a 2017, saboda ya yi hannun riga da abin da ake gani a titi.

Ita kuwa motar Kunci zuwa Bichi, kusan kowane ƙauye sai ta tsaya, injin na kunne ana ɗora buhunan gero, sannan ta yunƙura da nauyi. Wannan yunƙurin ne ke shanye mai.

Kafin a yanke balas, mai mota ya bi direbansa kwana uku, har da ranar kasuwa, a cika tanki a gabansa, a ƙirga kilomita.